Kira Bakwai na Malam Mainasara

Ƙarfe shida da rabi na safe Malam Mainasara ke jingine kekensa a bangon gidan injin Hajiya Saudat, can bayan tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙusar bakin ƙofa, ya sa taguwa marar hannu, ya ɗauki gwangwanin giris da tocila. Ba ya kallon inji tukuna. Sai ya ɗaga katako biyu a tsakar ɗaki, ya taka matakala ya sauka rami. Shekara arba'in da shida ke nan yana aiki a gidan. Asabar da ta wuce ya ajiye aikin.

Wanda bai taɓa shiga gidan ba yana bukatar bayani. Injuna shida ke aiki a ciki: biyu na casar shinkafa, ɗaya na ɓarzar gyaɗa, ɗaya na matsar mai, biyu na niƙa. Babu mai ƙarfin kansa a cikinsu. Ƙarfin duka daga tsohon injin gas guda yake fitowa, wanda ke girke a kusurwar gabas. Shi ke juya wata sandar ƙarfe mai tsawon ƙafa arba'in da biyu, wadda ma'aikata ke kira shaf, tana kwance a rami ƙarƙashin daɓe. A jikin shaf akwai gare-garen ƙarfe da ake kira fuli, kowane da bel ɗinsa, ya ɓullo ta tsaga a daɓe ya kama injin da ke sama. In shaf ya juya, kowa ya samu aiki. In ya tsaya, gida ya yi tsit.

Haka masana'antun farko suka yi aiki kafin lantarki ya raba wa kowane inji nasa ƙarfin. Marigayi Alhaji Maiwada, mahaifin Hajiya, ya sayo shaf ɗin daga wani gidan gurzar auduga da aka rushe, ya kafa shi a nan. An daɗe ana cewa gidan ya zama tsohon yayi. Amma a garin da wuta ke zuwa in ta ga dama, inji guda mai jan shida bai tsufa ba.

A cikin ramin mutum ba ya miƙewa tsaye. Malam Mainasara kan bi shaf a sunkuye daga wannan kai zuwa wancan, yana duba boris takwas da shaf ke kwance a kansu. Ya matsa wa kowane giris, ya girgiza shi, ya danna kowane bel da babban yatsa ya ji ko ya saki. In bel na zamewa, ya shafa masa ɗan kwalta. In ya tsinke, ya ɗinke shi da tsirin fata, ɗinkin da ba ya tsalle a kan fuli. Ya san dalilin da ya sa fulin casa ya fi na niƙa girma, domin casa gudu take so, niƙa kuwa ƙarfi. Ya san wane bel ake gicciyawa domin inji ya juya ta ɗaya gefen. Kusa da kowane fuli mai aiki akwai wani da ke juyawa a banza, ba ya jan komai, wanda suke kira rago. Mai son tsayar da injinsa ba tare da an kashe na kowa ba, sai ya tura bel ɗinsa kan rago da sandar itace. In aiki ya kankama, Malam Mainasara kan ɗora bakin sukundireba a kan murfin boris, ya kara mariƙin a kunne. A haka ya sha faɗin boris ɗin da zai lalace mako guda kafin ya lalace.

Ko firamare bai yi ba, balle sakandare. Daga Birnin Tsaba ya zo a 1979, yana ɗan shekara ashirin, aka ɗauke shi shara.

Akwai masu gyaran bel a Gusau da Talata Mafara da suka kai shi iyawa, shi ma ya faɗa. Abin da ya raba shi da su wani abu ne da yake yi kafin ya ta da inji.

In ya fito daga rami, sai ya ɗauki handil, ƙarfen da ake murɗa injin gas da shi ya tashi, ya tsaya a tsakar ɗaki ya fara kira.

"Casa ta ɗaya?"

"Hannuna waje," in ji mai casa ta ɗaya.

"Casa ta biyu?"

"Hannuna waje."

Haka zai bi ɓarza, da matsa, da niƙan gari, da niƙan jiƙo. Kira shida, amsa shida. Sa'an nan ya duƙa bakin matakala ya yi na bakwai.

"Rami?"

Babu mai aiki a rami, saboda haka babu amsa. Sai ya ajiye handil, ya ɗauki tocila, ya sake sauka, ko da minti biyar da suka wuce daga ciki ya fito. Ya haska har ƙarshe, ya hau, ya ce wa kansa, "Na gani." Sa'an nan ya murɗa inji. Yana yin haka da safe, yana yi bayan azahar, yana yi duk lokacin da bel ya tsinke aka kashe inji. Na lissafa da ma'aikatan: saukar ta haura dubu talatin.

Mu Hausawa mun ce shiru ma magana ce. A gidan injin Hajiya Saudat ba a yarda da wannan karin magana ba, kuma akwai dalili. Dalilin yana zaune a Jangeru, yana sayar da goro. Sunansa Alhassan, hannunsa na hagu ya tsaya a gwiwa.

Na same shi a rumfarsa ranar wata Laraba. A 1986, ya ce, shi ne mai kula da shaf, Mainasara kuma mai murɗa inji. Wata safiya bel ɗin ɓarza ya goce, ya sauka gyara bai gaya wa kowa ba.

"Ya yi kira, kar ka rubuta bai yi ba," in ji Alhassan. "Ya ce, akwai kowa rami? Na ji shi sarai. Amma noti uku na cikin bakina. Ka san mu, in hannu biyu na aiki, baki shi ne aljihu. Nac ce bari in ɗaura wanga guda in amsa. Shi kuwa ya ji shiru."

Handil ya juya, shaf ya juya, bel ya kama hannun rigarsa. Ƙarar inji ta rufe ihunsa.

Na tambaye shi ko ya riƙe Mainasara a zuciya. Ya yi dariya, ya tura mini goro.

"Ni da nis sa ƙarfe a baki? Wata biyu yana kwana gindin gadona asibiti har nik kore shi. Har yau duk sallar layya sai ya aiko min cinya. Na ce masa hannu nir rasa, ba ƙafa ba, bai ji."

Malam Mainasara bai so maganar ba da na ɗauko ta. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni nim murɗa." Daga ranar da ya gaji aikin Alhassan ya kafa kiran bakwai, ya hana riga mai hannu wuce bakin ƙofa, ya hana mata masu kawo niƙa tsallake farin layin da ya shata a daɓe da mayafi. Alhaji Maiwada da kansa sai ya tuɓe babbar riga kafin ya shiga gidansa. Shekara talatin da tara tun daga nan, babu wanda ya rasa ko farce.

Ezra, mai injin matsar mai, ɗan wani ma'aikacin reluwe ne da ya zo daga kudancin Kaduna, kuma shekararsa ashirin da biyu a gidan. Na tambaye shi sau nawa aka taɓa samun wani abu a ramin.

"Sau biyu," ya ce. "Na farko kaza ce, ta yi ƙwai huɗu ƙarƙashin boris na shida. Muka yi wa Baba tsiya wata guda, muna cewa ya sami amarya a rami. Na biyu a 2014 ne. Wani ɗan dako daga Zurmi, wayarsa ta faɗa ta tsagar bel lokacin da muka fita azahar. Ya ɗaga katako ya shiga nema. Baƙo ne, bai san kira ba, da ya ji an ce 'Rami?' sai ya yi lamo don kar a yi masa faɗa. Baba ya sauka ya same shi kwance a ƙarƙashin shaf, hannunsa cikin bel ɗin casa. Ya fito da shi, ya ba shi ruwa, ya ce ya je ya zauna. Mutumin bai ma san abin da ya faru ba. Har yanzu yana zuwa nan, 'ya'yansa biyar."

Malam Mainasara, kai ne ka sauka sau dubu talatin saboda mutum guda da ba ka san ranar zuwansa ba. Kai ne aka yi wa dariya kan kaza, ka yi dariyar tare da su, washegari ka sake sauka. Masu kawo shinkafa suna ce maka Mai Kira Bakwai, wasu da yabo, wasu da ƙosawa. Ba ka taɓa bambanta su ba.

Ƙosawar ta ƙaru a 'yan shekarun nan, kuma ba laifin masu ita ba ne. Mutanen Zurmi da Shinkafi a ayari suke zuwa yanzu, kuma kowa na son ya bar hanya kafin la'asar. Kowa ya san dalili. Minti goma na kira da sauka, in aka yi shi sau huɗu a yini, ya isa ya sa motar ƙarshe ta kwana a Kaura. An sha kai ƙara wurin Hajiya. Ita kuma takan ce, "Ku je ku gaya masa da kanku." Ba a zuwa.

Ƙarshen damina ta bara wani abu ya faru wanda Ezra kaɗai ya lura. Malam Mainasara ya kira "Matsa?" Ezra ya juya baya yana shan kunu, bai amsa ba. Malam Mainasara ya wuce zuwa niƙan gari kamar an amsa. Da aka tashi azahar, Ezra ya ja shi gefe.

"Baba, da safe ban amsa ba."

"Ka amsa."

"Kunu ke bakina. Ban amsa ba."

Ƙarar inji ta shekara arba'in da biyar ta ci kunnen Malam Mainasara, kuma ya jima yana karanta amsar a leɓen mutane bai gaya wa kowa ba. Ranar bai ci abinci ba. Ya je gidan Hajiya ya ce ta nemi wanda zai karɓi handil.

Hajiya ta kawo ɗanta Sagir, mai shekara talatin da huɗu, wanda ya yi difloma a aikin injiniya kuma ya yi shekaru a wani kamfanin shinkafa a Kano. Sagir ya san aiki. Cikin wata biyu ya iya ɗinkin bel, ya daidaita fuli biyu da zare, ya rage wa inji shan mai. Malam Mainasara na kiransa Injiniya. Kiran bakwai ma Sagir yana yi. Saukar ta biyu ce ya ga ba ta da amfani.

"Baba, ramin da na fito yanzu? Katako na rufe, ƙofa na gabana. Wa zai shiga, aljani?"

"Aljani bai da hannun da bel ka ci, Injiniya. Sauka."

In tsohon na tsaye, Sagir ya sauka. Abin da Malam Mainasara bai sani ba shi ne abin da zai faru ranar da ba ya tsaye. Ya gaya wa Hajiya ƙarara cewa ba ya roƙon komai na sallama sai abu guda: kar handil ya je hannun wanda ba ya sauka. Hajiya ta ce ɗanta ya yi alkawari. Tsohon ya ce shi ma ya yi kira a 1986.

Wata Talata a watan Fabrairu ya aika cewa ba ya jin daɗi, ba zai zo ba sai bayan azahar. Motoci uku daga Shinkafi na jira da shanshera. Sagir ya ta da inji da safe, aka yi aiki. Da aka fita salla, Malam Mainasara ya shigo ta ƙofar baya. Ya rufe famfon mai ya zare bututun, Ezra ya tura babban bel kan rago ya ɗaure sandar da waya, yadda ko an murɗa shaf ba zai motsa ba. Sa'an nan tsohon ya sauka rami ya zauna ƙarƙashin boris na huɗu, Ezra ya mayar da katako. Hajiya na zaune a benci bakin ƙofa, domin an ce ta zo ta ga wani abu.

Aka dawo salla. Direbobi na duba agogo. Sagir ya yi kira shida, aka amsa. Ya duƙa ya ce "Rami?" Shiru. Ya sa handil ya murɗa. Inji ya yi tari bai tashi ba. Ya sake murɗawa. A murɗa ta uku katako ya ɗaga, Malam Mainasara ya fito da ɓuntun shinkafa a gemu.

Ezra ya ce handil ɗin ya faɗi daga hannun Sagir ya bugi daɓe. Hajiya ta tashi, ta gyara mayafi, ta dubi ɗanta.

"Sagiru, da yanzu mi za ni gaya wa iyalinsa?"

Ta fita ba ta jira amsa ba. Malam Mainasara bai yi faɗa ba. Ya mayar da bututun mai, ya kwance wayar, ya yi kiran da kansa yana kallon bakin kowa, ya sauka, ya hau, ya murɗa. Motocin Shinkafi suka tashi a kan lokaci. Da yamma ya ce wa Hajiya ya fasa ajiye aiki. Kurma mai sauka, in ji shi, ya fi mai ji da ba ya sauka.

Kwana uku Sagir bai zo ba. Ranar Asabar ya iso kafin kowa, da ƙusa mai tsawon taƙi da guduma. Malam Mainasara ya same shi a can ƙarshen rami, bayan boris na takwas, yana kafa ƙusar a bango.

"Mi kaka yi nan, Injiniya?"

"Baba, na yi tunani. In na ce maka ba zan ƙara ba, ba za ka yarda ba, ni ma ban yarda da kaina ba. Wata rana mota za ta yi ta oda, zan ce yau kaɗai. To, ga wurin handil daga yau. Da an ta da inji, wurinsa bakin matakala. Da an kashe, wanda ya kashe ya sauko da shi nan ya rataye. Mai son murɗawa sai ya yi kira, ya sauko, ya bi shaf har ƙarshe ya ɗauko. Ko ni, ko wanda zai zo bayana, ko rago ne ko mai gaggawa."

Malam Mainasara ya sa ya maimaita, domin bai ji rabin farko ba. Da ya ji duka, ya zauna a kan matakala.

"Shekara talatin da tara ina hawa da sauka ramin ga," ya ce, "wanga tunani bai zo min ba."

"Kai ba ka bukace shi ba, Baba. Ni nake bukatarsa."

Bai ajiye aikin nan take ba. Ya ƙara wata uku yana kallo. Asabar da ta wuce na je. Ba a yi taro ba, ba a kafa rumfa ba. Hajiya ta aiko da shadda turmi biyu da buhun shinkafar da gidan ya casa. Alhassan ya zo daga Jangeru a motar kasuwa, ya zauna bakin ƙofa yana ce wa kowa ya zo ganin ranar da za a sallami wanda ya sallame shi. Malam Mainasara bai tuɓe babbar riga ba, saboda haka bai tsallake farin layi ba, layin da shi ya shata.

Sagir ya tsaya a tsakar ɗaki hannu wofi. Ya yi kira shida, aka amsa shida. Ya duƙa ya yi na bakwai. Ya ɗauki tocila ya sauka. Muka ji takunsa a ƙarƙashin ƙafafunmu yana tafiya gabas zuwa yamma, ya dawo. Ya fito da handil a hannu, ya juyo inda tsohon zai ga bakinsa, ya ce, "Na gani."

Malam Mainasara, mun gode. Mun gode a madadin ɗan dakon Zurmi da 'ya'yansa biyar, da matan da suka yi shekaru suna kawo niƙa suna komawa gida da yatsunsu goma ba su san wa ya tsare musu ba. Ka yi kuskure guda kana ɗan shekara ashirin da bakwai, ba ka ɗora shi kan ƙaddara ka wuce ba, ba ka kuma ɗora shi kan noti uku da ke bakin wani ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa hutun ya yi albarka.

Sauranmu kuwa, kusan kowa na da handil a hannu. Direban babbar mota da zai ja baya a tasha, mai walda da zai kunna wuta, mai casa a ƙauye da injinsa ba shi da murfi, ma'aikacin lantarki da zai mayar da wuta kan layin da abokinsa ya hau. Duk muna kira, kuma yawancinmu in mun ji shiru sai mu murɗa. Mutumin Birnin Tsaba ya nuna abin da ake yi da shiru: a ajiye ƙarfe, a ɗauki fitila, a je a duba.

Da inji ya tashi, shaf ya ɗauka, bel shida suka fara kaɗawa, Malam Mainasara ya dafa bango da tafin hannu na ɗan lokaci, domin ta nan yake jin inji yanzu. Ya gyaɗa kai. Sa'an nan ya ɗauki kekensa, Alhassan na biye da shi yana tsiya, suka nufi kasuwa shan fura.